Auta, Gaya wa Yayanka

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce to sai me, don haka bari in yi bayani tun da wuri. Kakanninmu masu shanu ne da suka gaji da yawo, suka zauna a wajen Yalwan Damai suka kama fartanya. Fillancin ya tafi tun kafin a haife ni, shanun ma suka bi bayansa, amma kunya ta zauna daram. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, in da yadda zai yi ma ba ya yi masa magana baki da baki. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Goggo, yayar Baba, can ƙauye, ita ta raine ni. Sai da gemu ya fara tsiro min na dawo Birnin Kudu, gidan da aka haife ni, ina sallama kamar baƙo.

Tsakanina da ƙaramin gidan duk mata ne. Shi kaɗai ne namiji a bayana, kowa Auta yake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace.

Baba direba ne, motar kuma tasa ce ta kansa, tsohuwar babbar mota mai bodin katako da ya tuƙa wa wani Alhaji shekara da shekaru kafin ya sallama masa ita. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Hanyarsa ɗaya ce, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ranar da lodi ya yi kyau ya zarce Basirka. Da kaka gyaɗa, sauran lokaci dawa da gero da awaki, mutane kuma a saman buhuna kowa ya dafe hularsa. Ni da Auta kusan tare muka fara bin motar, ni don na girma, shi don ba ya rabuwa da Baba. Na riga shi samun lasin, na riga shi iya ribas da lodi, na riga shi komai. Amma in Baba ne ke tuƙi, Auta ne a gaba kusa da shi, ni ina baya a kan buhuna tare da fasinja, don ɗan fari ba ya gogayyar kafaɗa da ubansa. Ranar da za a ba ni sitiyari kuwa, Baba ba ya fitowa daga gida.

Abin da aka san Baba da shi a tasha shi ne hayaƙi. Mota ta wuce, ya bi bayanta da kallo, ya ɗan ja hanci, ya faɗi ciwonta. Ya tsani ya ji mutum ya ce mota tana hayaƙi ya yi shiru. Wane iri? Daga gaba ko daga baya? Da safe, ko bayan ta yi zafi? In kuwa ka kira tururi hayaƙi a gabansa, sai ka ga ransa ya ɓaci kamar ka zagi wani nasa. Mutanenmu kuma, duk abin da ya tashi fari daga jikin mota, hayaƙi ne a bakinsu.

Ni ba motar nake so ba, Allah ya sani. Abu ɗaya nake so a duniya. So nake ko sau ɗaya Baba ya tsaya a bayan mota, ya tambaye ni, ni, abin da na gani, in faɗa, ya ce madalla. Shi ke nan. Amma tambayar nan tana da mai ita.

"Auta, me ka gani?"

Kullum haka. Da safe in an tayar da inji, ina can saman lodi ina ɗaure igiya, sai in ji muryar Baba daga ƙasa, da ƙarfi, kai ka ce Auta kurma ne.

"Auta, zo nan. Ka ga wannan fari-farin da ke fita daga salansa? Dubi yadda yake ɓacewa tun bai kai gwiwarka ba. Wannan ba ciwo ba ne, sanyin safiya ne, kai ma bakinka yana yi. In inji ya yi ɗumi zai daina. Amma in ta yi zafi yana nan fari, mai kauri, yana bin mota, ruwan lagireto kuma yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to ruwa ya sami hanya ya shiga cikin inji. Zaro sandar baƙin mai ka duba. In ka ga man ya koma kalar kunun gyaɗa, kashe ta a nan inda take."

"To, Baba," in ji Auta, bakinsa cike da rake, idonsa na kan masu tallar ƙosai.

Wata safiyar kuma baƙi ne darasin. Baƙin hayaƙi, in ji Baba, mai ne ya yi wa mota yawa, iska ta yi mata kaɗan, ta ƙoshi har tana amai. A fara duba abin tace iska, don ƙurar hanyar Gwaram ba ta bar shi da rai, sannan a taɓa kafireta. Shuɗi-shuɗi mai ƙauri, wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro, wannan baƙin mai take sha. In an taka totur yake ƙaruwa, to ringin cikin inji sun cinye. Ba ya kashe mota yau, a hankali yake cin ta. In kuwa daga gaba abin ya taso, daga ƙarƙashin bonet, sai a fara raba tururi da hayaƙi kafin a ce uffan.

"Sa tafin hannunka, daga nesa, kada ka ƙone. In ya jiƙe, tururi ne. In idonka ya yi yaji, hayaƙi ne. In ka ji ƙaurin roba, waya ce ke ci, cire kan batir kafin ka yi salati na biyu. Kuma ko uban wa ya ce ka buɗe murfin lagireto tana tafasa, kada ka buɗe. Ka ji ko?"

"Na ji, Baba."

Bai ji ba. Ni na ji. Ina sama, igiya a hannu, kunne a ƙasa, ba kalmar da ta faɗi ban tsince ta ba. In mun tsaya a Gwaram sai in zagaya bayan motocin mutane ina leƙen salansa ina shinshinawa, ina gwada abin da na sata. Karatun sata na yi a gaban ubana, alhali ana ɗura wa wani a baki yana furzarwa.

In kuma ni Baba yake bukata, ga yadda ake yi:

"Auta, gaya wa yayanka ya ƙara ɗaure bayan nan."

Ina tsaye kusa da shi, inuwarmu ma a haɗe. Auta ya juyo yana danne dariya.

"Yaya, wai ka ƙara ɗaure baya."

"Na ji. An ce maka na toshe kunne ne?"

Kishi nake yi, ba sai an tambaye ni ba. Kishi irin wanda ke hana lomar tuwo wucewa. In na ga hannun Baba a kafaɗar Auta, tawa kafaɗar har wani ƙaiƙayi take yi. Abin haushin kuma, Auta ba mugu ba ne. Da mugu ne da na sami sauƙi, da na tsane shi na huta. Yaro ne mai fara'a, in ya sayi tsire sai ya ajiye min rabi, in na yi zazzaɓi shi ke hawa saman lodi a madadina. Ka ga mutum yana riƙe da abin da kake mutuwar so, bai ma san yana riƙe da shi ba, kuma ya miƙo maka tsire. Ina za ka kai wannan fushin?

Akwai wata rana da damina da ba na mantawa, ranar kasuwar Gwaram. Mun yi lodi har ya yi tozo, an kwana ana ruwa, hanya duk ta kwaɓe. Akwai wani rafi a tsakani da ba shi da gada a lokacin, sai dai a keta. Baba ya sa giya ya keta shi lafiya lau, muka haye, muka ci gaba. Mun ɗan yi nisa, muna hawa wani tudu, sai ga fari ya turnuƙe daga gaban mota har ya rufe gilashi.

Kai, ka ga tashin hankali! Wata mata ta fara, "Wuta! Wuta!" Sauran suka ɗauka. Tun Baba bai gama tsayawa ba mutane suka fara dirowa. Wani mai koli ya wurgo jakarsa ya bi ta, wata tsohuwa ta riƙe wuyan akuyarta tana salati. Wani ƙato kuma ya tattare gaban rigarsa ya cika da jiƙaƙƙen yashi ya nufo inji a guje, don a wurin mutanenmu fari daga mota wuta ce, maganin wuta kuma ƙasa.

"Kada wanda ya zuba min ƙasa a inji!" in ji Baba. Ban taɓa jin ya yi tsawa irin wannan ba. Ƙaton ya tsaya cak, yashi na zubo masa a ƙafa.

Baba ya kashe inji, ya naɗe hannu da tsumma, ya ɗaga bonet yana kau da fuska. Farin ya taso sama. Na sauko na tsaya ta ɗaya gefen, wajen taya.

"Auta, me ka gani?"

Auta ya miƙa tafin hannu yadda aka koya masa, ya duba.

"Tururi ne, Baba. Ruwan rafin da muka keto ne ya fallatsa kan inji. Yanzu zai bushe."

Baba ya ci gaba da kallon tururin. Fasinja suka fara hamdala, wasu har sun kama hawa.

Tururi ne, wannan gaskiya ne. Amma rafin nan mun baro shi can baya. Ruwan da ya fallatsa kan inji mai zafi cuu yake yi ya mutu. Wannan ba ya mutuwa, ta gefe ɗaya yake fitowa, daga ƙasa, da wani siririn fito. Na sunkuya na leƙa ƙarƙashi. Ruwa na ɗiga, ja, kalar tsatsa, yana tururi a kan laka. Ruwan rafi ba ya da wannan kalar.

Ban taɓa sa baki a darasin Baba ba. Ranar nan bakina ya ƙi rufuwa. Ba zan iya duban Baba in yi magana ba, sai na dubi taya.

"Ruwan rafi ba ya yin fito," na ce wa taya. "Ruwan motar ne ke fita. Tiyon ƙasa ne ya tsage."

Wurin ya yi tsit. Na ce a raina yau dai, yau dai. A gaban mutum kusan cikin mota guda na faɗa, ba yadda za a yi a ce ba a ji ba. Ina jira, ko wuya ne ya ɗan juyo.

Baba ya gyara zaman hularsa.

"Auta, in ta ɗan huce, leƙa ƙasa ka duba tiyo."

Da ta huce Auta ya kwanta ya shiga ƙarƙashi. Can sai ga muryarsa, "Ya tsage, Baba! Ga shi nan, ɗan yatsa ma zai shiga!" Ya fito duk laka.

"Madalla," in ji Baba. Ya dafa kafaɗarsa. "Madalla."

Tabɗi! Fasinja suka ɗauka. Ɗan gado, ɗan gado, Allah ya yi albarka. Mai kolin nan har da ɓaro goro ya ba Auta. Auta, Allah ya saka masa, ya buɗe baki ya ce, "Ai Yaya ne ya..." amma hayaniya ta cinye sauran. Ni ina tsaye, idona ya rufe, kunnena na shuu.

"Auta, gaya wa yayanka ya ɗebo ruwa a rafi. Amma sai ta huce sarai za a zuba."

Na ɗauki garwa na koma baya da ƙafa. A bakin rafin na zauna na yi abin da rabona da shi tun ina hannun Goggo. Sannan na wanke fuska, na cika garwa, na ɗoro a ka. Kafin in iso sun yanko tsohon tub sun naɗe tiyon, sun ɗaure da waya. Muka isa Gwaram kasuwa ta fara watsewa.

Da na sami sarari na tafi Yalwan Damai wurin Goggo. Na same ta a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Na zazzage mata komai, tun daga igiya har zuwa goro. Ta saurara har na gama, sannan ta kwashe da dariya har mazarinta ya faɗi.

"Yo so kake ya goya ka a tasha?"

"Goggo, ni na gano tiyon nan."

"To wa ya ce ba kai ba ne?"

"Ko kallona bai yi ba."

"Da ya kalle ka a gaban fasinja, da ni zan fara wanke ƙafa in je in tambaye shi ko lafiya. Kai ka fara zama ɗan fari? Ni ce ta fari a ɗakinmu. Har ubanmu ya koma ga Allah ban ji sunana a bakinsa ba, ga ni nan kuma ban mutu ba."

"Ke kin iya, Goggo. Ni ban iya ba."

Ta dube ni, dariyar ta ɗan ragu. Ta ce in ci tuwo. Na ci, don tuwon Goggo ba a fushi da shi, amma na dawo Birnin Kudu da abina a ciki yadda na tafi da shi.

Na ƙara wasu shekaru a saman lodi. Sai zamani ya juya, kuɗin mai ya shigo ƙasa, ko'ina ana fasa hanya ana gini, 'yan kwangila na neman direbobi ido rufe. Na sami tifa, ina ɗibar yashi da tsakuwa. Ranar da zan bar motar Baba, yadda aka saba na yi. Yana zaune, ina durƙushe, na ce, "Auta, gaya wa Baba na sami tifa."

Baba ya daɗe yana kallon hanya.

"Auta, gaya wa yayanka Allah ya tsare. Motar gas ce, ba irin tamu ba. In ta yi baƙi a kan tudu da lodi, ba komai. In ta yi baƙi a miƙaƙƙiyar hanya ba lodi, ya sa a duba nozul ɗin da ke fesa mai."

Ka san yadda na ji wannan maganar? Cewa na yi, wato har ranar tafiyata sai an nuna min ban san komai ba. Na tashi na karkaɗe gwiwa na yi gaba.

Duk Juma'a nakan zo gaisuwa. In durƙusa daga nesa, in ce Baba sannu da hutawa, ya ce yawwa yana duban wani wuri. Kafin in gyara zama sai ya ƙwala wa Auta kira, ya tsare shi da karatun hayaƙi. Motar wane da ta wuce ɗazu, ka ga abin da take fitarwa? Me ya sa? In da kai ne me za ka fara dubawa? Auta na sosa ƙeya, ni ina gefe ina cika ina batsewa.

Wata Juma'ar Auta ya raka ni bakin hanya, ya ce, "Yaya, don Allah ka riƙa zuwa in na fita. Kai kake ja min. Duk ranar da ka zo sai ya tsare ni da maganar hayaƙin nan. In ba ka nan, ko tari mota take yi ba ya ce min komai."

Na tsaya na dube shi sama da ƙasa.

"Wato sai na zo ake fito da ɗan lele a nuna min. To ka ji daɗinka."

"Haba Yaya, ni ba haka..."

Ban tsaya jin sauran ba. Na yi kwana da kwanaki maganar nan tana ci na. Ashe ba mantawa ake yi da ni ba, da gangan ne, jira ake in zo a yi a gabana. Haka na fassara ta, kuma a lokacin ko malamin tafsiri ka kawo ba zai canja min fassara ba.

Sannu a hankali yanar ido ta rufe idanun Baba. Da farko ya daina tuƙin yamma, daga baya ya daina gaba ɗaya. Ya miƙa wa Auta mukulli. Mutane suka zo suna ba ni haƙuri, na ce ni mukulli bai dame ni ba. To, ya ɗan dame ni, amma ba shi ne ciwon ba. Ciwon shi ne yanzu tambayar nan ta zama ta gaske. Baba na zaune a tabarma ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, fuskarsa na duban hanyar da ba ya gani, Auta a damansa. Mota ta wuce, Baba ya ja hanci, ya ce, "Auta, me ka gani?" Da can Auta ɗalibi ne, yanzu ya zama idon Baba ɗungurungum. Ni kuwa da nake da idon da ya iya, ina durƙushe can gefe ina wasa da tsakuwa. Kuma ina ganin yadda Baba ke ramewa. Na san lokaci ba jirana yake yi ba.

Ana nan na tara abin da na tara na sayi a-kori-kura, ta hannu, ta sha wuya amma tawa ce. Tun a wurin saye na ga abin da take fitarwa, na san ciwonta, na yi niyyar kai ta gareji. Da safen da zan kai ta na haɗu da Auta a tasha, ya yi lodi ya kusa tashi.

"Ina zuwa?"

"Basirka. Baba ne ya ce in kai kayan nan, in kwana can in taho da lodin gobe."

Na tsaya ina kallon motarsa har ta sha kwana. Sai na fasa zuwa gareji. Na ce a raina, yau babu ɗan aike. Baba da bakinsa ya tura shi Basirka. Yau ko ya yi min magana, ko ya haɗiye ta ta shaƙe shi. Na san Baba. Zai iya ganin ɗansa ya yi shiru, amma ba zai iya jin mota na ciwo ya yi shiru ba.

Bayan la'asar na iso ƙofar gida. Yana nan a tabarmarsa shi kaɗai, carbi a hannu. Da gangan na juya motar na sa bayanta wajen darbejiya, na bar inji yana aiki, na fito na durƙusa inda na saba.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yawwa."

Iska ta kwaso hayaƙin ta shimfiɗa a kan tabarma. Na ga hancinsa ya motsa. Carbin ya tsaya. Ya yi tari kaɗan, ya kau da kai, ya ci gaba da ja. Na jira. Na tashi na koma mota na taka totur har sau nawa, hayaƙi ya turnuƙe gindin bishiya, kajin maƙwabta suka watse. Na dawo na durƙusa, wannan karon na ɗan matso.

Muƙamuƙinsa na motsi kamar mai taunar abin da ya ƙi taunuwa. Na ji tausayinsa, wallahi na ji, amma ban kashe injin ba.

Can sai ya ajiye carbi. Ya juya fuskarsa dama, wurin da Auta ke zama, wurin da babu kowa sai tabarma.

"Auta."

Na ce shi ke nan, tsufa ya taɓa kan Baba, ya manta ya aike shi. Har na buɗe baki zan ce Auta yana Basirka. Sai ya ɗaga murya, da ƙarfin nan na safiyar tasha, wanda ke kaiwa har saman lodi:

"Auta, me ka gani?"

Ya tsaya yana jira. Ba kowa a wurin sai ni. A nan na gane abin da ya sa shekara da shekaru yake yi wa mai lafiyayyen kunne ihu.

Muryar da ta fito ban san ta ba.

"Shuɗi ne, Baba. Baƙin mai take sha."

"In an taka yake ƙaruwa, ko in an saki?" Har yanzu tabarma yake tambaya.

"In an taka."

"To mene ne?"

"Ringi ne."

"Madalla," in ji Baba. Ya ɗaga hannu ya sauke shi a inda kafaɗar Auta take zama. Hannun bai sami komai ba, ya sauka a kan tabarma, ya ɗan bubbuga ta. "Madalla."

Ina durƙushe, kafaɗata na nan kusa, da ya ɗan karkato hagu da ya same ta. Na san ya san inda take, makaho ya fi kowa sanin inda numfashi yake. Bai karkato ba. Ni ma ban matsa ba.

"Auta, gaya wa yayanka kada ya hau hanyar Gwaram da ita sai ya gyara. Kuma ya kashe injin nan haka, ya cika min ido da yaji."

Ya sa bakin rawaninsa yana goge ido. Na dubi tabarmar nan ni ma.

"Auta," na ce, "gaya wa Baba na ji."

Na tashi na kashe inji. Na dawo na zauna a ƙasa har aka kira magariba, na kama sandarsa ta ɗaya bakin na kai shi masallaci.

Baba bai ga wata daminar ba. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma yadda Goggo ta ce, ga ni nan ban mutu ba. Amma kada wani ya ɗauka na warke. Washegarin ranar nan Auta ya dawo daga Basirka, ya yi sallama, ya zube a daman Baba, daidai inda hannun nan ya sauka, yana shan rake, bai san an yi komai ba. Baba ya lalubo kafaɗarsa ya dafa, ya ce ya hanya. Ina can gefe a durƙushe, na dube su, wallahi sai kishin ya taso min sabo fil.